Ku Ƙyale Masu Saƙa Ƙwai Da Zaren Ulu

Akwai wata ɗabi'a da ta yi mana katutu, musamman mu da muka ɗan taɓa boko, wadda ya kamata a ce an fito an yi magana a kanta tun ba yau ba. Ɗabi'ar kuwa ita ce, da zarar mun ga abin da ba mu saba da shi ba, maimakon mu tambayi yadda aka yi shi, sai mu tambayi amfaninsa, in kuma ba a ba mu amsa nan take ba, sai mu yanke masa hukunci mu ce aikin banza ne. Abin da ya sa na tono wannan magana shi ne irin surutun da 'yan'uwa ɗalibai ke yi a kan hotunan nan da ke yawo a wayoyinmu, na waɗansu mutane a Ingila da Amurka da Japan, mafi yawansu mata, waɗanda ke ɗaukar zaren ulu su zauna su saƙa abinci. I, abinci na ce. Ka ga soyayyen ƙwai, ga fari ga gwaiduwa a tsakiya. Ka ga yankan burodi, da ayaba, da karas, da abarba, da kek, da kifi kwance a cikin gwangwaninsa, duka na zare, babu wanda za ka iya kaiwa baki. Ba sa ci, ba sa sawa a jiki, da yawansu ma ba sa sayarwa. Sun yi ne kawai don ransu ya so.

To, sai ka ji wani ya ja tsaki ya ce ƙoshi ne ya yi wa Turawa yawa. Wani ya ce rashin aikin yi ne. Wani kuma, wanda ya fi su iya tsara zance, ya gyara zama ya ce ai rashin tausayi ne mutum ya zauna yana wasa da siffar abinci alhali miliyoyin bayin Allah na kwana da yunwa. Na saurari waɗannan maganganu duka, kuma a ganina babu ko ɗaya daga cikinsu da zai iya tsayawa da ƙafarsa in aka girgiza shi. Mai saƙa ƙwai da ulu babu wanda ke bin ta bashin bayani, kuma wannan shi ne abin da nake so in tabbatar a nan.

Amma da farko, ya kamata mai suka ya san abin da yake suka. Saƙar hannu irin wannan iri biyu ce. Akwai ta dogayen allurai biyu, wadda aka fi yin rigar sanyi da safa da ita, akwai kuma ta kwarashi, wato tsinken nan guda mai 'yar ƙugiya a baki, wanda matanmu ke yi wa jarirai hula da takalmi da shi. Ana yin abincin ulu da dukkansu, amma kwarashi ya fi dacewa da abu mai mulmulalliyar siffa. Ɗauki lemo alal misali. Mai saƙa za ta fara da ɗan zobe mai ido 6. A zagaye na biyu ta mai da shi 12, na uku 18, sa'an nan 24, da 30, har 36. Muddin tana ƙara ido 6 a kowane zagaye, abin zai yi ta faɗi a shimfiɗe kamar faifai. Da ta daina ƙari, ta ci gaba da zagayawa a kan 36 ɗin nan, sai gefen ya miƙe tsaye ya zama kamar ƙoƙo. In ta yi zagaye 6 a haka, sai ta shiga ragewa: 30, 24, 18, ta tsaya ta cusa auduga, 12, 6, ta ja bakin ta tsuke. Wanda ya iya lissafi ya tara ya gani, ido 432 ke nan a ɗan lemon da bai cika tafin hannu ba, kuma kowane ɗaya da hannu aka zarga shi. Dole ne ta zaɓi kwarashi siriri don saƙar ta yi matsi, kada auduga ta leƙo. In ta ɓatar da ƙirga a zagaye guda, lemo ya karkace, sai warwara.

Ganyen latas ma ya fi ban sha'awa. Don a samu tattarar nan da ke bakin ganyen, sai mai saƙa ta yi ta ƙara ido fiye da abin da shimfiɗa za ta iya ɗauka, gefen ya rasa wurin kwanciya, ya shiga lanƙwashewa da kansa. Da wannan dabara ce wata malamar lissafi 'yar ƙasar Latbiya, Daina Taimina, ta yi abin da ya ba masana mamaki a Jami'ar Cornell ta Amurka a shekarar 1997. Akwai wani irin fili mai lanƙwasa da masana lissafi suka shafe fiye da shekara 100 suna bayaninsa a rubuce, samfurin da suke haɗawa da takarda kuwa ba ya jure taɓi. Ita sai ta ɗauki kwarashi ta saƙa shi, ta miƙa wa ɗalibai suka riƙe a hannu suka jujjuya. Ban kawo wannan don in ce duk mai saƙa latas masaniyar lissafi ce ba. Na kawo shi ne don wanda ke ganin aikin ba ya bukatar ƙwaƙwalwa ya rage ɗaga murya.

Japanawa suna da suna na musamman da suke kiran irin waɗannan 'yan ƙananan abubuwa da ake saƙawa a cusa musu auduga, suna cewa amigurumi. Kalmar haɗin kalmomi biyu ce, ɗaya na nufin saƙa, ɗaya na nufin 'yar tsana mai ciko. Daga can ne sha'awar ta bazu zuwa Turai da Amurka a farkon shekarun 2000, sa'ad da intanet ta sa mutum zai iya koyon saƙa daga wanda bai taɓa gani ba. Su Japanawan nan kuwa tun tuni suka saba da abincin da ba a ci. A shekarar 1932 wani mai suna Takizo Iwasaki ya kafa kamfani a birnin Osaka yana ƙera abincin kaki, ana jerawa a tagar gidajen cin abinci don mai wucewa ya ga abin da ake sayarwa. Ban taɓa jin wanda ya kira wannan aikin banza ba, don kuwa yana kawo kuɗi. A riƙe wannan, za mu komo gare shi.

Yanzu bari mu duba zancen yunwa, tun da shi ya fi kama da magana mai nauyi. Ina tambaya, loma nawa zaren ulu ya ƙwace daga bakin mayunwaci? Ƙwan zare ba kaza ce ta saka shi ba, burodin zare bai ci alkamar kowa ba. Wanda yunwar duniya ke damunsa da gaske, ga inda zai kai kukansa. Hukumar kula da muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar da rahoto a shekarar 2024, ta ce a cikin shekarar 2022 kaɗai an zubar da abinci na gaske da ya kai tan biliyan 1.05, kuma kashi 60 cikin 100 na wannan ɓarna a gidajen mutane aka yi ta. Rahoton bai ɗora laifin a kan ƙasashe masu arziki kaɗai ba, ya nuna cewa har a ƙasashe matalauta ana wannan zubarwa. Ba ma sai an karanta mana rahoto ba. Duk wanda ya taɓa leƙa bayan rumfa washegarin biki ya ga shinkafar da aka juye a kwata. Mai tsakin nan da ke jin haushin wata tsohuwa a Ingila don ta saƙa ayaba, shi ne zai cika faranti a wurin walima ya ci rabi ya ture sauran. Masu iya magana sun ce laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani.

Sai mai suka ya sauya salo, ya ce to, tun da ta iya saƙa, me zai hana ta saƙa wa matalauta rigar sanyi? Wannan tambaya tana da daɗin ji, amma wanda ya yi ta bai san halin da duniyar tufafi take ciki ba. Tun shekarar 1589 wani mutumin ƙauyen Calverton kusa da Nottingham a Ingila, William Lee, ya ƙera injin saƙa safa. Daga wannan lokaci hannu ya fara shan kaye a hannun inji, har aka kai yau da safar kanti ta fi zaren da za ka saya ka saƙa ta araha. Ke nan a ƙasashen nan duk mai saƙa safa da hannu, ita ma don nishaɗi take yi, bambancinta da mai saƙa ƙwai kawai shi ne ita tana da abin fakewa. Tufafi kuwa ba ƙarancinsu ke damun duniya ba. Ƙungiyar Or Foundation ta ƙiyasta cewa kasuwar gwanjo ta Kantamanto da ke Akra, babban birnin Gana, na karɓar tufafi kusan miliyan 15 a kowane mako, kuma wajen kashi 40 cikin 100 ba sa sayuwa, juji suke komawa. Talakan da ke rawar ɗari da hunturu kuɗin sayen riga ya rasa, rigar kam ga ta nan tuli a dila. In duk masu saƙa abinci na duniya suka tuba yau suka koma saƙa riguna, ba abin da zai ragu daga talaucinsa.

Saura zancen ɓata lokaci, kuma a nan ne nake so mai karatu ya natsu, domin nan gizo ke saƙar. Wane ne ake yi wa tambayar amfani, wane ne ba a yi wa? Namiji zai zauna a gindin bishiya daga azahar har la'asar sakaliya yana buga dara, babu mai ce masa ina riba. Samari za su cika ɗakin kallo su shafe minti 90 suna ihu a kan ƙwallon da ake bugawa a Landan ko Madrid, su ƙara awa biyu suna gardama a kanta, in aka tashi babu wanda ya riƙe ko da tsinke a hannu, amma sunan wannan hutu. Mu kanmu nawa muke ƙonawa a kan lido da karta a ɗakunan kwana? Ban ce a daina ba, ni ma ina cikin masu kallon. Amma me ya sa sai mace ta ɗauki awa biyu nata na kanta ta yi abin da ya ba ta dariya, sa'an nan za a tuna cewa lokaci na da tsada?

Amsar tana cikin tarihin saƙar kanta. An daɗe ana yaba wa mace mai saƙa, amma da sharaɗi: abin da ta saƙa ya kasance na wani ne. Na miji, na ɗa, na jika, ko na soja. A lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya, a shekarar 1917, ƙungiyar Red Cross ta Amurka ta yi shelar neman rigunan sanyi da safa da mayafan wuya, sama da miliyan guda kowanne, don sojojin da ke fagen fama a Turai, mata da 'yan makaranta suka duƙufa. A Ingila ma haka aka yi, aka kuma maimaita a yaƙi na biyu. A wannan lokaci mai saƙa 'yar kishin ƙasa ce. Hannun nan dai, da allurar nan dai, in suka juya suka yi abin da ba zai ɗumama jikin kowa ba, sai a ce mai su ta rasa abin yi. Ashe ba saƙar ake yabo ba tun asali, hidimar ake yabo.

Hidimar kuwa ba kaɗan ba ce. Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta bayyana a rahotonta na shekarar 2018 cewa fiye da kashi 76 cikin 100 na aikin kula da gida da iyali wanda ba a biya, mata ke yin sa. A matsakaicin lissafi mace na ba shi awa 4 da minti 25 a kowace rana, namiji kuwa awa 1 da minti 23. Babban kaso na wannan aiki a bakin murhu yake ƙarewa. To, ya kai mai karatu, ka yi tunanin halin girki. Aiki ne da ba ya barin shaida. A yi awa uku ana tsinta da yanka da niƙa da tuƙi, a cinye cikin minti goma, a bar mata kwanuka. Gobe a sake, jibi a sake, shekara 40 a haka, in ka ce ta nuna maka abin da ta yi, babu. Manomi na da rumbu, magini na da gini, mai rubutu na da littafi, mai girki sai tukunyar da ke jiran wanki.

Idan irin wannan mace ta zauna da dare ta saƙa soyayyen ƙwai, ni ban ga wauta a ciki ba, raha na gani, kuma raha mai ma'ana. Ga ƙwan da babu mai cinyewa. Ba ya ƙonewa, ba ya hucewa, ba a cewa gishiri ya yi yawa, ba a kiran ta a ce ta ƙaro, babu wanke-wanke a bayansa. Shekara za ta zagayo ta same shi a kan kanta yadda ta ajiye shi. Ta ɗauki abin da ya zame mata tilas ta mai da shi abin wasa, kuma a karo guda ita ce mai girkin ita ce mai abin. Wanda bai ga abin dariya a nan ba, ina zaton bai taɓa wanke tukunyar tuwo ba.

Kada a ce maza ba sa taɓa irin wannan aiki. Suna yi, sai dai in sun yi ana sauya masa suna. A shekarar 1962 wani mai fasaha ɗan asalin Suwidin da ke zaune a Niyok, Claes Oldenburg, ya baje kolin wani ƙaton burodi mai nama a tsakiya, irin wanda Amurkawa ke ci, faɗinsa ya kai mita 2. Da zanen tamfol aka ɗinka shi, aka cusa masa soso da kwalaye, aka shafe da fenti. Tare da shi akwai ƙaton yankan kek da ƙaton askirim, su ma na ɗinki. A shekarar 1967 gidan adana kayan fasaha na Ontario da ke Toronto a Kanada ya sayi burodin, har waɗansu ɗalibai suka yi zanga-zanga a ƙofar gidan ɗauke da wata ƙatuwar kwalbar miyar tumatir da suka ƙera don ba'a. Ba'ar ta wuce, burodin ya zauna, yau ana koyar da shi a darussan tarihin fasaha. Kek ɗin da askirim ɗin kuwa suna babban gidan fasahar zamani na Niyok. Wa ya zauna a kan keken ɗinki ya haɗa su? Matarsa ta lokacin, Patty Mucha. Sunan wa ke jikin allo? Nasa. Jama'a, in namiji ya zana abincin ƙyalle mace ta ɗinka masa, ya zama fasaha, a yi masa ɗaki da mai gadi. In mace ta zana nata ta saƙa da hannunta a falonta, ya zama rashin aikin yi. Wane irin ma'auni ne wannan?

Gaskiya ne a 'yan shekarun nan waɗansu mata sun fasa wannan shinge. Kate Jenkins ta garin Brighton a Ingila ta yi suna da saƙa kifi da jatan lande da gwangwanin sadin, tana jera 'yan ƙyalƙyali a matsayin ɓawon kifi, ana baje kolin aikinta ana saye. Lucy Sparrow kuwa, wadda ita ɗinki take yi da irin ƙyallen da ake yin hular dara da shi, ta cika wani kanti a unguwar Bethnal Green ta Landan a shekarar 2014 da kaya kusan 4,000, daga biskit har gwangwanin wake, babu na gaske ko ɗaya. A shekarar 2017 ta maimaita a Niyok da kaya 9,000, aka yi ta rububi har aka rufe kantin kafin wa'adinsa domin kaya sun ƙare. Na san abin da zai faru in na karanta wa masu tsakin nan wannan labari. Nan da nan fuska za ta sake, a ce, "Au, ashe ana samu? To ai sana'a ce!" Wannan amsa ta fi tsakin farko ɓata mini rai, domin ta tona asirin abin da ke ƙasa. Kamar dai abincin kakin Osaka, abu ba shi da daraja a idonmu sai an liƙa masa farashi.

Don haka ba na tare da masu ba da shawarar nan ta "ki mai da shi sana'a mana". Wadda ke so ta sayar, Allah ya ba da kasuwa. Amma wadda ta ce ita don jin daɗi take yi, a bar ta. Ranar da ta karɓi kuɗin wani, ta shiga wa'adi, ta shiga "ban ga ya yi kama da na hoto ba", ta koma inda ta fito: tana yi wa wani girki, yana ɗanɗanawa yana ƙorafi.

Haka kuma ba na tare da waɗansu masu kare saƙa da ke gaggawar ɗauko takardar likita. Sukan kawo wani bincike da aka buga a Ingila a shekarar 2013, inda aka tambayi masu saƙa 3,545 daga ƙasashe daban-daban, aka ga cewa waɗanda suka fi yawan saƙa sun fi faɗin cewa suna samun natsuwa da farin ciki. Ban ƙaryata ba, ko da yake tambayar masu saƙa ko saƙa na da daɗi kamar tambayar mai tsire ne ko nama na da kyau. Abin da ban yarda da shi ba shi ne a mai da wannan hujja. Duk wanda ya ce a bar ta ta saƙa domin magani ne, ya riga ya amince cewa in ba magani ba ne sai a hana ta. Ya karɓi ƙarar ke nan, yana neman sassauci kawai. Ni kuwa cewa nake yi babu ƙara tun farko. Mai dara ba ya kawo takardar asibiti kafin ya zauna.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne a ce Bahaushe ne ke mamakin abin ado mai siffar kayan abinci. Ɗakin amarya fa? Iyayenmu da kakanninmu sun jera kwalla da langa da tasa tun daga ƙasa har rufi, kwanukan da har su tsufa ba za a zuba musu tuwo ba, yau kuma tangaran ya gaje su a cikin kabad mai gilashi. Kwanon da ba a ci a ciki da abincin da ba a ci, wa ya girmi wani? Aska takwas da ke gaban babbar riga, wadda maɗinki ke shafe watanni yana tsatstsaga idonsa a kanta, wane sanyi take karewa? 'Yan matanmu tun suna ƙanana suke tuƙa tuwon ƙasa a gwangwani, su yi miyar ganye, su raba wa 'yar tsana, babu uwar da ke cewa sun yi wa yunwa izgili. Mu kuma da ke wannan sashe, waɗanda muka zo jami'a muna nazarin Gizo da Ƙoƙi da kacici-kacici da zaurance, sau nawa aka tare mu aka ce, "Me za a yi da wannan?" Mun san zafin tambayar. Bai kamata a ce daga bakinmu take fita zuwa ga wani ba.

Ba na cewa harkar ba ta da abin dubawa. Yawancin zaren da muke kira ulu ba gashin tunkiya ba ne, roba ce da ake samu daga man fetur, kuma ba ta ruɓewa da wuri. Waɗansu masu saƙa kan liƙa wa ayaba ko kek 'yan idanu na roba don su yi kyau, in aka ba yaro ɗan ƙasa da shekara 3 yana iya ciro su ya haɗiye, don haka wadda za ta yi wa jariri gara ta yi idon da zare. Waɗannan gyara ne, mai saƙa ma za ta karɓa da godiya.

Amma in ana neman inda zalunci yake a harkar kwarashi, akwai shi, sai dai ba a falon mai nishaɗi ba. Na ce an yi injin saƙa tun 1589, to wannan na saƙar allura ne. Saƙar kwarashi ta ainihi har yanzu hannu ke yin ta, abin da masana'antu ke fitarwa da inji kwaikwayo ne kawai. Saboda haka duk sa'ad da ka ga 'yar abarba ko ɗan lemo na kwarashi na gaske rataye a kanti ana sayar da shi a kan kuɗin da bai kai na kwanon abinci ba, ka tuna ido 432 ɗin nan. Akwai wadda ta zauna ta zarga su ɗaya bayan ɗaya, ba don ranta ya so ba, kuma bayan mai kanti da dillali da mai jigila sun cire nasu, ka ƙiyasta abin da ya isa hannunta. Wannan ita ce matar da ta cancanci a yi fushi dominta. Abin takaici, ita ba mai yin tsaki a kanta, domin aikinta ya cika sharaɗin masu suka: yana da amfani, yana kawo kuɗi, kuma na wani ne.

Na san akwai waɗanda ba su gamsu ba, kuma shafukan wannan mujalla a buɗe suke, su rubuto martani a fitowa ta gaba. Roƙona guda ne. Kafin mutum ya ɗauki alƙalami, ya je ya ari kwarashi da ɗan ƙullin zare wajen ƙanwarsa, ya haɗa zoben nan mai ido 6, ya kai shi 36 bai karkace ba, ya kawo mu gani tare da takardar.